Haɗɗi da Hannu: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kalmar Gwanintar Rubutu

Ɗaliban Islamiyya da almajiran tsangaya a Katsina da kewaye sukan yi ta maimaita waɗannan tambayoyi, musamman in aka ajiye musu Ƙur'ani bugun Madina kusa da wanda alaramma ya rubuta da hannu. An tattara amsoshin nan wuri ɗaya don sauƙin dubawa.

Mece ce ainihin ma'anar haɗɗi?

Kalmar Larabci ce, خط, baƙaƙe biyu kacal: ha mai ruwa da ɗa mai hannu, da ƙarfi a kan ɗa ɗin. Ma'anarta ta farko layi ne da aka ja, irin zanen da yatsa ko sanda ke bari a kan rairayi. Har gobe Balarabe da ita yake kiran layin waya da layin dogo, kuma bugun ƙasa ma zanen rairayi ake ce masa a Larabce, da wannan kalmar dai. Daga jan layi sai ma'anar ta gangaro kan jan baƙi. A Suratul Ankabut, aya ta 48, aikatau na wannan tushe ya zo da ma'anar rubutawa da hannun dama, inda aka kore wa Manzon Allah (SAW) karanta wani littafi ko rubuta shi kafin saukar Alƙur'ani. Sai daga baya, da rubutu ya zama sana'a mai malamai da ijaza, kalmar ta ɗauki ma'ana ta uku, wato fannin kyautata surar baƙaƙe bisa ƙa'ida. Gwanin fannin shi ne khaɗɗaɗ.

Akwai wani bambanci da ke shige wa mutane duhu. Kitaba ta haɗa har da tsara magana da wallafa. Haɗɗi kuwa ruwansa da surar abin da ke kan takarda kaɗai. In malam ya yi shifta ɗalibi ya rubuta, maganar ta malam ce, haɗɗin na ɗalibi.

Wasu na rubuta khaɗɗi, wasu haɗɗi. Wanne ne daidai? Kuma tana da alaƙa da haddi ko hadda?

Duk biyun ana gani. Mai son ya nuna asalin Larabcin yakan bar kh, amma bakin Bahaushe ya daɗe da yanke hukunci a irin wannan: ha mai ruwa takan koma h, kamar a haraji, halifa, hatimi, alheri. Ɗa mai hannu kuma takan koma ɗ, kamar a ɗalibi, ɗahara, ɗawafi, sharaɗi. Kalmar huɗuba ta haɗa sauyin biyu gaba ɗaya, don haka wanda ya ce huɗuba ba shi da dalilin ƙin cewa haɗɗi. Wasalin i na ƙarshe kuwa shi ne wanda Hausa ta saba liƙa wa kalmomin aro don kada su ƙare da baƙi: harafi, sharaɗi, alƙalami.

Haddi, na iyaka ko hukuncin shari'a, tushensa daban ne, da ha ƙarami da dal ake rubuta shi. Hadda kuma haddace karatu da ka ce. Lanƙwasar nan ta kan ɗ ita ce ke raba su a boko, shi ya sa in an buga a waya babu ƙugiya sai mai karatu ya ɗauka ana maganar bulala.

To Bahaushe ba shi da tasa kalmar ne?

Yana da ita, kuma ta fi haɗɗi yawo a baki nesa ba kusa ba: hannu. A ce wane yana da hannu, ko hannunsa ya faɗa, ko a ɗauki tsohuwar takarda a ce wannan hannun Malam ne. In yaro ya koyi rubutu wurin wani gardi har surar baƙaƙensu ta zo ɗaya, sai a ce ya ɗauko hannunsa. Kishiyar ita ce tsattsagin kaza. A tsangaya da wuya ka ji ana cewa haɗɗi. Kalmar ta fi zama a bakin waɗanda suka bi ta makarantun Arabiyya da Islamiyya, inda haɗɗi darasi ne mai littafinsa da jarrabawarsa, kusa da imla'i.

Tsofaffin magabata sun yi amfani da duka biyun a wuri guda. A ƙarshen littafin da aka kwafa da hannu, bayan tammat, mai kwafin yakan rubuta "bi khaɗɗi wane" ko "ala yadi wane", wato a hannun wane, sannan ya roƙi addu'a ga kansa da iyayensa da malamansa.

Ita kanta kalmar rubutu ba daga Larabci ta zo ba. Masanin harsuna ɗan Amurka, Joseph Greenberg, ya kawo hujja a 1960 cewa rubutu da karatu duk ta hannun Barebari suka shigo Hausa, kuma -tu ɗin da ke ƙarshensu ɗafi ne na Barbarci. Wannan ya dace da abin da kowane gardi ya sani, cewa neman Alƙur'ani gabas ake yi. Sauran kayan aikin kowanne da hanyarsa: allo daga al-lauh, alƙalami daga al-ƙalam, wanda Larabawa ma daga Girkanci suka same shi da ma'anar kara. Tawada daga dawat take, sunan kurtun a Larabce, sai Hausa ta mayar da sunan kan abin da ke ciki. Takarda kuma ta biyo Buzaye ta ƙetaro Sahara.

Yaushe haɗɗi ya zama ilimi mai ƙa'ida?

Mus'hafan farko ba wasali, ɗigo ma kaɗan ne. Ana jingina fara sa alamar wasali da jan ɗigo ga Abul Aswad ad-Du'ali, sannan surar wasullan da muke gani yau ga Khalil ɗan Ahmad. Rubutun da aka fi yi wa Alƙur'ani a ƙarnonin farko shi ne wanda ake kira Kufi, mai kusurwa, mai nauyi.

Wanda ya kawo awo shi ne waziri Ibn Muƙla na Bagadaza, wanda ya rasu a 940. Ya ce a ɗora bakin alƙalami a ja ɗigo ɗaya mai kusurwa huɗu, wannan ɗigon shi ne mudun awo. Tsawon alif ɗigo kaza ne, a zagaye alif ɗin da da'ira, sauran baƙaƙe duka a auna su da wannan alif da wannan da'ira. Amfanin dabarar shi ne awon yana tafiya da alƙalami: in bakinsa ya yi faɗi baƙaƙen su girma, in ya tsuke su ƙanƙance, amma surar ba ta canjawa. A yadda ake koyarwa yanzu, alif na salon rubutun da ake kira Nasakhi kusan ɗigo 5 ne, na Sulusi 7, na Ruƙ'a 3. Ibn al-Bawwab (rasuwa 1022) ya sassauta taurin awon ya sa masa laushi. Ƙur'anin da ya rubuta a shekara ta 391 bayan Hijira yana ajiye a Dablin ta ƙasar Ayalan. Yaƙut al-Musta'asimi (rasuwa 1298) ya shahara da yanke bakin alƙalami a karkace, abin da ke ba layi ɗaya kauri da siranta. Daga nan Turkawan Usmaniyya suka karɓa, ta hannun Shaihu Hamdullah da Hafiz Usman.

Me ya sa Ƙur'anin tsangaya bai yi kama da bugun Madina ba? Wani ya ce namu kuskure ne.

Wanda ya faɗi haka bai san tarihin abin ba. Awon Ibn Muƙla gabashin duniyar Musulmi ya mamaye. Magrib (arewa maso yammacin Afirka) da Andalus (Sifen ta zamanin Musulmi) nasu rubutun ya tsiro ne kai tsaye daga tsohon Kufi, kuma ta wannan reshen rubutu ya iso Borno da ƙasar Hausa, tare da mazhabar Malikiyya da ruwayar Warshu. Bugun Madina, mai shafi 604 da layi 15 a kusan kowane shafi, hannun Usman Ɗaha ne, Nasakhi ne, kuma wanda ya fi yawo a cikinsa ruwayar Hafsu ce. Reshe biyu ne na itace ɗaya.

Ga inda ido zai fara kamawa. A namu, fa ɗigonta ɗaya ne a ƙasa, ƙaf ɗigo ɗaya a sama. A na gabas fa ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Yaron da ya taso da allo in aka miƙa masa bugun Madina zai karanta fa a matsayin ƙaf, sai ya saba. Baƙaƙe huɗu, ya da nun da fa da ƙaf, in sun zo a ƙarshen kalma akan bar su ba ɗigo, domin surar wutsiyarsu ta isa ta bayyana su. Hannun ɗa mai hannu yakan kwanta ya karkata dama maimakon ya miƙe. Cikin sodi da lodi yakan yi faɗi kamar ƙwai. Layin kuma kaurinsa kusan ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, baƙi ƙirin, a zaune daram a kan sadara, yadda mai karatu da hasken wutar kara zai gani ba tare da ya matso da ido ba. Wannan kauri shi ya sa masu bincike ke kiran tsohon salon Barnawi, suna kiran wanda ya bunƙasa a Kano Kanawi. Hannun Sharif Bala na Gabari a Kano, wanda aka ɗauki hotonsa aka buga da yawa, shi ne wanda mafi yawan gidaje suka sani ko da ba su san sunan mai shi ba.

Launi ma aiki yake yi, ba ado ba. Baƙi na jikin rasamu ne, wato abin da ke cikin mus'hafin Sayyidina Usman. Ja na wasali ne da alif ɗin da ake karantawa amma ba ya cikin rasamu, shi ya sa almajiri ke rarrabe alu baƙi da alu ja. Ɗigon rawaya hamza ce, kore kuma na alif ɗin sadarwa. Mai rubutun da ya sa alu ja da baƙar tawada ya ƙara harafi a rasamu, kuma wannan a wurin gwani laifi ne babba, komai kyan hannun.

Masanin tarihi Ibn Khaldun ya lura da wani abu tun a ƙarni na 14 wanda har yau yake nan: a Masar ana koyar da harafi ɗaya ɗaya bisa doka, a Magrib kuwa ɗalibi kalma sukutum yake kwaikwaya daga hannun malaminsa. Haka tsangaya take. Ba a ƙirga ɗigo, ana ɗaukar hannu ne.

Ina matsayin Katsina a wannan tarihi?

Gari ne na ayari da malamai, kuma duk inda waɗannan biyu suka haɗu sai an sami masu kwafi. Al-Maghili ya zauna a Katsina a ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667, kuma unguwar Masanawa sunansa take ɗauke da shi. Muhammadu al-Kashinawi, masanin lissafi da hatimai, ya bar nan ya je ya rasu a Alƙahira a 1741. Duk littafin da waɗannan suka karanta ko suka wallafa, wani ne ya zauna ya kwafe shi baƙi bayan baƙi, domin babu maɗaba'a. Ɗalibi kan ari littafi ya kwafa, ya bar fili mai faɗi tsakanin sadara da sadara don ya cusa fassarar malam da ƙaramin alƙalami, wani lokaci da Hausar ajami.

Takardar ma daga nesa take. In ka ɗaga ganyen tsohon kundi ka duba a rana, sau da yawa za ka ga tambarin jinjirin wata uku a jere a cikin jikin takardar. Wannan ƙirar arewacin Italiya ce, ta biyo ta Tarabulus ko Masar a bayan raƙumi. Tsadarta ce ta sa ba a barin yaro ya taɓa takarda sai hannunsa ya nuna a allo.

Yaya ake fiƙe alƙalami?

A samo karan gamba wanda ya bushe a tsaye bayan kaka, mai santsi, ba tsaga ba huda. Ɗanye ko wanda ya sha raɓa bakinsa murƙushewa yake. A yanko kamar taƙi ɗaya, a bar gaɓa a can ƙarshen da ba a rubutu da shi. Da reza ko wuƙa mai kaifi sosai a yi yanka na farko a karkace, tsawon gaɓar yatsa, wuƙar tana tafiya gaba ba wajen jiki ba. A kankare totuwar ciki har ɓawon ya rage shi kaɗai. A rage gefe da gefe kaɗan kaɗan, ana juyawa ana dubawa, har bakin ya kai faɗin da ake so. Sannan a ɗora bakin a kan katako, a danna reza a tsakiya a yi 'yar tsaga wadda ba ta kai rabin yankan ba. Ita ce hanyar da tawada ke bi ta sauko. Na ƙarshe shi ne datse baki da sara ɗaya, ƙas. In an yi ta gurzawa bakin zai yi gashi.

Datsar nan ita ke raba salo da salo. Don hannun tsangaya a datse kusan a miƙe, a ɗan goga bakin a bayan allo ya dakushe. Don Nasakhi ko Sulusi a datse a karkace, a bar kaifin. Wanda ya ɗauki alƙalamin allo ya ce zai yi Sulusi da shi, wahala kawai zai sha.

In alƙalami yana zubar da tawada guda guda, tsagar ta yi tsawo. In yana ƙin sakinta, tsagar ta toshe da busasshen ƙaro ko ba ta buɗe ba. In layi yana fitowa biyu, haƙoran bakin ba su daidaita ba, a sake datsewa. A sa ɗan auduga ko zare a cikin kurtu: yana hana alƙalami ɗibar da ta wuce kima, yana kare bakin daga bugun gindin kurtu.

Tawadar allo da ta takarda ɗaya ce?

A'a, kuma haɗa su ne ke ɓata wa masu koyo aiki. Ta allo ana so ta wanku, don haka gawayi ne ko baƙin tukunya da ƙaro. A daka gawayin ya yi laushi, a tankaɗe da ƙyalle. A jiƙa ƙaro ya kwana ya narke, a tace. Cokali ɗaya na garin gawayi, cokali ɗaya zuwa biyu na ruwan ƙaro mai kauri, a dama sosai kafin a ƙara ruwa kaɗan kaɗan. Gwajinta a farce ne: a ɗiga, in ta tsaya ba ta gudu ba ta yi. In ta bushe a allo tana gogewa da yatsa, ƙaro ya yi kaɗan. In tana ƙyalli tana ɓanɓarewa, ya yi yawa.

Ta takarda ana so ta kama har jikoki. Ita ce ake yi da bagaruwa da ƙarfe. A farfasa bagaruwa busasshiya kamar cikin hannu biyu, a zuba ruwa lita ɗaya, a tafasa har ya koma rabi, a tace. A jefa kashin maƙera ko tsatsattsen ƙarfe a ciki, a rufe a bar shi kwana uku zuwa mako, ana motsawa. Ruwan zai tashi daga ja ya koma baƙi, domin dacin bagaruwa ne ke haɗuwa da ƙarfen. A sake tacewa, a sa narkakken ƙaro kamar cokali ɗaya a kofin shayi. Da farko takan fito fari-fari a takarda, sai ta sha iska ta ƙara duhu, saboda haka kada a yi gaggawar ƙara ƙarfe. Ƙarfe in ya yi yawa, bayan shekaru tawadar cin takarda take yi. Akwai tsofaffin ganyaye da za ka ga baƙin ya zube ya bar huda da surarsa. Naso kuwa, wato tawada ta bazu a gefen harafi, ko dai ruwa ya yi yawa ko takardar mai sha ce.

Ta ina mai koyo zai fara?

A tsangaya tsarin a shimfiɗe yake. Kolo malam ke rubuta masa, ya yi babbaƙu, ya yi farfaru, ya yi hajjatu, idonsa na shan surar baƙi tun kafin hannunsa ya fara. Sunayen baƙaƙen kansu darasin haɗɗi ne a ɓoye, domin siffa suke faɗa: ain baki wofi ita ce mai buɗaɗɗen baki a farkon kalma, ain likkafa ita ce ta tsakiya mai kama da likkafar sirdi, ha kuri da ta kuri a dunƙule suke, mim jaye da lam jaye an ja su an sadar da na gaba. Yaron da ya ce ain likkafa ya riga ya san yadda zai zana ta. Daga nan ya bi sawun rubutun malam, ya koma kallon Ƙur'ani yana kwafa, har ya kai ga satu, rubutu da ka. A wurin darasu sai ya durƙusa ya miƙa allo, "Allah gafarta Malam, ga shi," gwani ya bi sadara da bakin alƙalami, inda ya tsaya ya ɗan ƙwanƙwasa, can kuskuren yake.

Babba mai koyo a gida ya zaɓi hannu ɗaya ya tsaya a kansa wata shida kafin ya leƙa wani. Rabin sa'a kullum ya fi sa'a biyar ranar Alhamis. Ya fara da alif da ba da nun, domin miƙewa da kwanciya da lanƙwasa duk suna cikinsu. Ya ja numfashi ya riƙe yayin jan layi mai tsawo. Kuma ya nemi mai duba masa, saboda ido ba ya ganin karkatar hannun mai shi.

Zayyana ma haɗɗi ce?

Maƙwabta ne. Zayyana ita ce adon da ake yi wa allon sauka da farkon Ƙur'ani da alamomin izu sittin, nusufi, rubu'i da sumuni, da kumsa ta kowace aya biyar da kuri ta kowace goma. Sau da yawa mai rubutu daban, mai wasali daban, mai zayyana daban. Alaramma na iya rubuta Ƙur'ani sukutum da ka bai iya zana ko da'ira ɗaya ba, kuma ba wanda zai rage masa daraja.

Ana iya cewa mai kyan rubutun boko yana da haɗɗi?

A Larabce ana iya faɗa. A Hausa kunne bai saba ba. A ce yana da kyan hannu ya wadatar.

Na gaji kundi da tsohon Ƙur'ani na hannu a gafaka. Me zan yi da su?

Kada a ɗinke, kada a manna da gam ko salatif, kada a kai a lulluɓe da roba mai zafi. Duk ukun ba sa warwaruwa. Ganyayen a sake suke tun asali, kuma abin da ke riƙe jerinsu shi ne kalmar nan guda da ke ƙasan bayan kowane ganye, wadda ita ce farkon ganye na gaba. In sun hargitse da ita za a bi a mayar. Kafin a taɓa jerin a ɗauki hoton kowane shafi da waya, a inuwa mai haske, ba da walƙiyar kyamara ba. A fara duba ganyen ƙarshe, nan sunan mai hannun yake in ya rubuta. A ajiye a kwance tsakanin kwali biyu, a naɗe da farin ƙyallen auduga, a ɗora a kan kanta nesa da bango da ƙasa saboda gara da damshin damina. Leda tana tara gumi ta kawo fumfuna. Sau biyu a shekara, bayan damina da kuma kafin ta faɗi, a buɗe a sha iska a ɗaki, a kaɗe ƙura da burushi mai laushi daga tsakiyar shafi zuwa gefe.